Kiyaye Muhalli Da Zaman Ma'aikata A Kamfani

A cikin shekarar 1988, wani kamfanin tufafi na ƙasar Amurka mai suna Patagonia ya buɗe sabon kanti a birnin Boston. Ba a yi kwanaki da buɗewa ba sai ma'aikatan kantin suka fara kukan ciwon kai a lokacin aiki. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai aka sa aka auna iskar ginin. Aka tarar na'urar da ya kamata ta riƙa shigo da sabuwar iska ta sami tangarɗa, iska ɗaya take ta jujjuyawa a ciki. Wannan iska kuwa tana ɗauke da wani sinadari mai suna fomaldihaid, wanda ke tashi daga rigunan audugar da aka jibge a ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa.

Ɗaliban ilimin halittu sun san wannan sinadari ko da ba su riƙe sunansa ba. Shi ake narkawa cikin ruwa ya zama fomalin, watau ruwan nan mai hawa ka da ke cikin kwalaben ɗakin gwaji, inda ake ajiye mataccen kwaɗo ko ƙadangare shekara da shekaru ba su ruɓe ba. Duk wanda ya taɓa buɗe irin wannan kwalba ya san yadda ido ke yin yaji, hanci ya ɗauki zafi. Masaƙu suna shafa wa yadi dangogin wannan sinadari don kada riga ta tsuke ko ta yamutse bayan wanki. A shekarar 2004 hukumar binciken cutar daji ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta sanya shi cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa wa ɗan'adam cutar daji.

Gyaran na'urar iska ya isa ya kawar da ciwon kan, kuma kamfanoni da yawa nan za su tsaya. Amma shugabannin Patagonia sai suka shiga tambayar kansu: in rigar da aka gama ɗinkawa tana yi wa mai sayar da ita haka, ina ga wanda ya noma audugar? A 1991 suka sa aka bincika musu illar zaruruwa huɗu da suka fi amfani da su. Sakamakon ya nuna cewa auduga, wadda kowa ke ɗauka ta fi tsabta don daga ƙasa ta tsiro, tana cikin masu ɓarna, saboda yawan maganin ƙwari da ake fesa mata. A 1994 kamfanin ya yanke shawarar barin irin wannan auduga, kuma daga 1996 ya koma ga wadda aka noma ba tare da feshin guba ko takin zamani ba.

Tambayar da wannan maƙala ke son dubawa ita ce: shin kamfanin da ke irin wannan ɗawainiya ya fi riƙe ma'aikatansa? Masu tallar kamfanoni sukan amsa da e, ba tare da wata-wata ba. Ɗan kimiyya kuwa sai ya nemi a nuna masa yadda aka auna.

Abin Da Tafiyar Ma'aikaci Ke Ci

Kalmar ɗorewa ta shahara ne bayan rahoton da wata hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 1987 ƙarƙashin jagorancin Gro Harlem Brundtland, firayim ministar Nowe a lokacin. Manufarta a taƙaice ita ce mutanen yau su ci moriyar ƙasa ba tare da sun bar wa jikoki kufai ba. Idan aka kawo ta cikin kamfani, ta ƙunshi yadda yake mu'amala da ruwa da iska da ƙasa, da yadda yake riƙe da mutanen da ke cikinsa da waɗanda ke maƙwabtaka da shi.

Shi kuwa zaman ma'aikata, lissafi ne na kuɗi tsantsa. A shekarar 1913 masana'antar motoci ta Henry Ford da ke Highland Park, kusa da birnin Detroit, tana bukatar ma'aikata kimanin 14,000, amma sai da ta ɗauki fiye da 50,000 cikin shekara ɗaya, domin mutum kan zo ya yi 'yan makonni ya ga ba zai iya ba ya kama gabansa. A watan Janairu na 1914 Ford ya ɗaga ladan yini zuwa dala 5, fiye da ninki biyu na abin da yake biya, ya kuma rage sa'o'in aiki daga 9 zuwa 8. Zuwa 1915 masu tafiya ba su wuce kashi 16 cikin 100 ba. Kusan shekara ɗari bayan haka, a 2012, wasu masana biyu, Heather Boushey da Sarah Jane Glynn, suka tattara binciken da aka yi a kan wannan batu, suka ga cewa maye gurbin ma'aikaci ɗaya kan ci wa kamfani kusan kashi ɗaya cikin biyar na albashinsa na shekara. Kuɗin sun haɗa da na cigiya, da na tantancewa, da na koyar da sabon hannu, da ɓarnar da zai yi kafin hannunsa ya faɗa.

Labarin Ford ya isa ya tuna wa mai karatu cewa albashi shi ne gaba. Duk abin da za a faɗa nan gaba, a bisa wannan ginshiƙi yake zaune.

Jikin Ma'aikaci

Idan aka ce muhalli, tunanin yawancin mutane kan tafi ga daji da kogi da hayaƙin da ke tashi sama. Amma muhallin da ya fi kusa da kowace masana'anta shi ne huhun ma'aikacinta da fatarsa da ƙodarsa. Kafin guba ta kai kogi, ta hannunsa ta wuce.

A Jami'ar Harvard, Joseph Allen da abokan aikinsa sun yi wani gwaji da aka buga a 2016. Sun sa mutum 24 yin aikinsu na ofis na tsawon kwana 6 a wani gini da ke birnin Syracuse, inda masu binciken ke iya sauya iskar ɗaki ba tare da mazauna ciki sun sani ba. Kowace rana da yamma sai a ba su jarrabawar auna tunani da yanke shawara. A ranakun da aka rage sinadarai masu tashi daga fenti da kayan ofis, makinsu ya ƙaru da kashi 61 cikin 100 bisa na ranar iskar ofis da aka saba. A ranakun da aka haɗa da ƙarin sabuwar iska daga waje, makin ya ninka. Mutum 24 ba su da yawa, kuma malamai za su yi kyau su nuna wa ɗalibai wannan rauni. Ƙarfin gwajin shi ne kowane mutum da kansa aka gwada shi, yau cikin wannan iska gobe cikin waccan.

Zafi ma haka yake. Jikin mutum yana ƙoƙarin tsayar da ɗuminsa a wajen digiri 37. Idan ɗaki ya yi zafi, sai jini ya karkata zuwa fata don ya zubar da ɗumi, zuciya ta ƙara bugu, gumi ya tsatso, hannu ya rage sauri. Wasu masana uku, Achyuta Adhvaryu da Namrata Kala da Anant Nyshadham, sun bi diddigin masana'antun ɗinki a kewayen birnin Bangalo na Indiya, waɗanda suka sauya dogayen fitilunsu da na LED don rage shan wuta. Sabbin fitilun ba sa fitar da zafi sosai, saboda haka a ranakun zafi maɗinka suka riƙa yin aikin da ya fi na da. Da aka sa wannan cikin lissafi, sai lokacin da fitilun za su mayar da kuɗinsu ya koma ƙasa da sulusin abin da aka zata. Waɗannan bincike biyu ƙwazo suka auna, ba zama ba. Sun dai nuna hanyar da kiyaye muhalli ke bi ta isa ga tsokar ma'aikaci.

Inda abin ya kai maƙura shi ne gonakin rake na ƙasar Nikaraguwa. A garin Chichigalpa ciwon ƙoda ya kashe samari masu saran rake har aka laƙaba wa wata unguwa sunan tsibirin matan mamata. Ba ciwon sukari ko hawan jini ke kawo wannan ciwo ba. Masu bincike da yawa sun danganta shi da aikin ƙarfi cikin rana da ƙarancin ruwa a jiki, inda ƙoda ke jin rauni kaɗan-kaɗan kowace rana har ta gaza. Akan auna jinin mutum kafin a ɗauke shi aikin kaka, wanda ƙodarsa ta raunana sai a sallame shi. Daga 2017 masana'antar sukari ta San Antonio ta haɗa kai da masu bincike aka tsara hutu na tilas a ƙarƙashin rumfa, da ruwan sha kusa da mai aiki, kuma raunin ƙoda tsakanin masu sara ya ragu ƙwarai cikin 'yan kakoki. A irin wannan wuri, riƙe ma'aikaci na nufin ya kai kaka mai zuwa da ƙodarsa.

Patagonia ma tana da nata lissafin ta wannan fuska, ko da yake ba na guba ba ne. Tun 1983 kamfanin ke da gidan renon yara a harabar hedkwatarsa da ke Ventura a jihar Kalifoniya. A 2016 shugabarsa ta lokacin, Rose Marcario, ta bayyana cewa cikin shekara biyar da suka gabata duk matan da suka tafi hutun haihuwa sun dawo bakin aiki, kuma barin aiki tsakanin masu kai 'ya'yansu gidan renon ya gaza na sauran ma'aikata da kashi 25 cikin 100. Sai dai a lura, kamfanin ne da kansa ya ba da waɗannan alƙaluma, kuma ba a tambayar mai fura ko furarta ta yi tsami.

Abin Da Ke Cikin Zuciya, Da Wahalar Auna Shi

Lokacin da aka yanke shawarar sauya auduga, ma'aikatan Patagonia da yawa ba su yi murna ba, domin aikin da suka saba ya zama sabo: sai an nemo manoma, a lallashi masu gurza da masu kaɗi, sa'an nan kaya su ƙara tsada. Kamfanin sai ya riƙa kwasarsu cikin motoci zuwa gonakin auduga na kwarin San Joaquin, su shaƙi warin feshi da hancinsu, su ga tafkunan da ruwan gona ke taruwa, kana a kai su gonar da ba a feshi su kwatanta. Gani ya kori ji. Wanda ya dawo daga wannan tafiya ya san dalilin wahalar da ake ba shi.

To, amma yaya za a tabbatar cewa sanin dalili ke zaunar da mutum? A nan ne ɗalibin kimiyya zai yi hattara. Idan aka ga kamfanoni masu kiyaye muhalli sun fi riƙe ma'aikata, wannan bai nuna ɗaya ne ya haifi ɗaya ba. Mai yiwuwa kamfanin da ke da riba ne ke iya dasa itatuwa ya kuma biya albashi mai tsoka. Mai yiwuwa kuma masu natsuwa ne tun asali ke neman aiki a irin wannan wuri. A ɗakin gwaji mukan shuka wake a tukwane biyu, mu hana ɗaya haske mu bar komai daidai. Ba a iya yi wa kamfanoni haka, saboda haka masana sukan nemi dabara.

Christiane Bode da Jasjit Singh da Michelle Rogan sun duba bayanan ma'aikata kimanin 10,000 na wani babban kamfanin ba da shawara, a binciken da suka buga a 2015. Kamfanin yana ba ma'aikatansa damar yin wasu watanni suna aiki da ƙungiyoyin raya al'umma, sau da yawa da ragin albashi. Masu binciken suka gwama kowane wanda ya shiga shirin da takwaransa mai kama da shi wanda bai shiga ba, suka ga waɗanda suka shiga sun fi zama.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta Seth Carnahan da abokansa biyu a 2017. Sun yi nazarin lauyoyin manyan ofisoshin Amurka kafin da bayan harin 11 ga Satumba na 2001. Tunaninsu shi ne masifar da ta faɗa wa garin mutum takan sa shi tambayar kansa amfanin abin da yake yi da rayuwarsa. Sai suka gwama lauyoyin da aka haifa a Niyu Yok da abokan aikinsu na ofis ɗaya waɗanda aka haifa a wasu wurare. 'Yan Niyu Yok sun fi barin aikin lauya ko buɗe nasu ƙaramin ofis bayan harin, amma wannan ya yi sauƙi a ofisoshin da suka saba kare marasa hali kyauta. Akwai kuma wani sakamako da masu talla ba sa son ambata: irin waɗannan ofisoshi sun fi rasa lauyoyi zuwa ga abokan gasarsu. Watau aikin alheri yana tsare wanda zai tafi neman ma'ana, amma ba ya tsare wanda zai tafi neman ƙarin kuɗi.

A ƙasar Suwidin, inda gwamnati ke da cikakken bayanin albashin kowa, Philipp Krueger da Daniel Metzger da Jiaxin Wu sun tarar cewa masu aiki a sassan da ba sa ɓata muhalli suna karɓar albashi ƙasa da na takwarorinsu da kusan kashi 10 cikin 100, kuma tazarar ta fi faɗi tsakanin masu ƙwarewa. Ana iya karanta wannan ta fuska biyu. Ta ɗaya, shaida ce cewa mutane suna ba kiyaye muhalli daraja har su sarayar da kuɗi dominsa. Ta ɗaya kuwa, wani sashe na kuɗin kiyaye muhallin daga aljihun ma'aikaci yake fita, kuma a ganina bai kamata a riƙa tafa wa kamfani shi kaɗai ba.

Idan Aikin Na Ganin Ido Ne

Mai saye a kanti talla kawai yake gani, amma ma'aikaci ya san inda bututun ƙazantar kamfani ya nufa da dare. A 2023 Jennifer Robertson da Wren Montgomery da Timur Ozbilir sun buga binciken da ya nuna cewa idan kamfani yana kurin kiyaye muhalli a baki kawai, ma'aikata sukan ɗauke shi munafuki, niyyar tafiya ta ƙaru, musamman ga waɗanda suka yi karatun muhalli. A 2022 wata mai ba kamfanin Shell shawara kan kiyaye haɗari, Caroline Dennett, ta yanke hulɗa da shi a bainar jama'a bayan shekara 11, tana zarginsa da faɗar abu ɗaya game da sauyin yanayi yana aikata wani.

Wasu kuwa ba sa tafiya, murya suke ɗagawa. A 2019 ma'aikatan Amazon fiye da 8,000 sun sa hannu a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa suna neman kamfanin ya fito da shirin rage hayaƙi. Ranar 19 ga Satumba, kwana ɗaya kafin yajin da suka shirya, Jeff Bezos ya yi shelar alkawarin daidaita hayaƙin kamfanin nan da 2040. A watan Afrilu na 2020 aka kori biyu daga cikin jagororin tafiyar, kuma a 2021 hukumar hulɗar ƙwadago ta Amurka ta sami hujja a ƙorafinsu na cewa korar ramuwar gayya ce, daga baya aka sasanta.

Ko aikin na gaskiya ne ma, yana iya juyewa. John List da Fatemeh Momeni sun ɗauki mutane aikin kwafe rubutu ta intanet, suka shaida wa wasu daga cikinsu cewa kamfanin zai ba da sadaka ga shirin ilimin yara da sunansu. Waɗannan sai suka fi sauran yin ha'inci a aikin. Bayanin masu binciken shi ne mutum in ya ji ya riga ya yi alheri, yakan sassauta wa kansa a wani wuri. Ita ma Patagonia ba ta tsira daga halin kasuwa ba. A watan Yuli na 1991, shekarar da ta sa aka binciki zaruruwanta, ta sallami ma'aikata 120, watau kashi ɗaya cikin biyar na dukan mutanenta, saboda karayar ciniki.

Tsuntsu Da Gonar Gero

Yawancin binciken zama da aka ambata a sama, a Amurka ko Turai aka yi shi, kuma galibi a kan masu takardun ilimi waɗanda in sun bar wannan ofis gobe wani zai ɗauke su. Ilimin halittu yana da abin cewa a kan wannan. A 1976 Eric Charnov ya fito da wata ƙa'ida game da dabba mai kiwo: tsuntsun da ke ci a zangarniya zai tashi ne idan abin da yake samu a nan ya faɗo zuwa matsakaicin abin da zai samu a sauran gonar, bayan an cire wahalar tashi da nema. Idan gonar cike take da gero, da wuri zai tashi. Idan kuwa fari aka yi, zangarniyoyi sun yi nisa da juna, zai daɗe yana tsattsagar wadda ta kusa ƙarewa. Daɗewarsa labarin gonar take bayarwa, ba labarin zangarniyar ba.

Mutum ba tsuntsu ba ne, yana da iyali da kunya da buri, amma lissafin ya shafe shi. Masana'antun jima na Chalawa da Sharaɗa da Bompai a Kano suna amfani da gishirin kuromiyam wajen jeme fata, a madadin bagaruwar da majeman gargajiya suka gada, da kuma farar ƙasa da sinadarin salfaid wajen tuje gashi. Salfaid in ya haɗu da ruwa mai tsami yakan saki iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda in ta yi yawa a rufaffen wuri take iya sumar da mutum ko ta kashe shi. Masu bincike a jami'o'inmu sun sha auna kuromiyam a ruwan da ke malala daga waɗannan unguwanni. Leburan da ya shekara goma a gindin gangar jima yana iya zama shaida ce ta kyakkyawan riƙo, yana kuma iya zama shaida ce cewa babu wata ƙofa a buɗe. Rajistar ma'aikata ba za ta bambanta waɗannan biyun ba, domin a duka biyun sunansa na nan. Ɗalibin da ke son yin nazari a kan haka sai ya duba su wane ne ke tafiya: in injiniyoyi da masu harhaɗa sinadarai ne ke ficewa lebura na zaune, to masu zaɓi ne suka zaɓa. Sa'an nan ya nemi littafin asibitin masana'anta da na fashin aiki, ya ƙidaya masu tari da masu ƙuraje a hannu, sashe-sashe, ya gwada da nisan kowane sashe daga gangunan jima.